Wa Zai Kāre Mai Ba Da Shaida?

Duk wanda ya zauna Agege ko Sabon Ibadan ya san abin da kan faru in aka yi kisa ko fashi a bakin kasuwa. Kafin 'yan sanda su iso, maigadi da ɗan dako da mai shayi duk sun watse, alhali kuwa a gaban idonsu aka yi. Sai a ce wai Bahaushe ba ya son gaskiya. Ƙarya ne. Tsoro ne ya kore shi, kuma yana da dalili.

Doka dai ba ta hana shi magana ba. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 175, ta yarda kowa ya ba da shaida, sai wanda ƙuruciya ko tsufa ko ciwo ya hana shi fahimtar tambaya. Ba a neman takardar makaranta, ba a neman Turanci. Bebe ma yana iya yi da rubutu ko da ishara. Yaron da bai kai shekara 14 ba ana sauraronsa ba tare da rantsuwa ba, amma ba a ɗaure mutum da maganarsa kaɗai sai wata hujja ta goyi bayanta.

To, bayan ya faɗi abin da ya gani fa? Nan gizo ke saƙar. Dokar shari'ar laifuffuka ta Tarayya ta 2015, sashe na 232, ta ba alƙali iko ya ɓoye sunan mai shaida da mazauninsa, ya sa masa labule, ko ya saurare shi daga nesa ta bidiyo. Amma laifuffukan da ta ware irin su fyaɗe ne da ta'addanci da zambar kuɗi da fataucin mutane. Saura sai in alƙali ya ga dama. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe, da maigadin da ya ga fuskar 'yan fashi, su ne suka fi bukata, domin shi maigadin a bakin ƙofar nan zai kwana yau, kuma 'yan uwan ɓarawon sun san ƙofar.

Ga ɗage shari'a ba iyaka. Talaka ya bar sana'arsa, ya biya kuɗin mota, ya wuni a kan benci, a ce ya komo wata mai zuwa.

Wajibi ne majalisun jihohi su sa kāriyar yara da matan da aka ci wa zarafi ta zama tilas, ba alfarmar alƙali ba. Sarakunan Hausawa na zango kuma su daina barin ɗan'uwa ya tafi kotu shi kaɗai, ba tafinta, ba mai rakiya.