GIRMA CIKIN ALMASIHU: Annabin da Ya San Halin Allah, Ya Kuwa Ji Haushi

 A wannan wata za mu zauna da Yunusa ɗan Amittai. Yaranmu duk sun san shi saboda kifi, amma kifin nan ayoyi kaɗan ne suka ambace shi. Nauyin littafin yana cikin sura ta 4, wurin da malaman makarantar Lahadi sukan wuce da sauri.

Yunusa mutumin Gat-hefer ne, a ƙasar Galili. Littafin Sarakuna na Biyu, sura 14, ya nuna ya yi annabci a zamanin Yerobowam na biyu, cewa iyakar Isra'ila za ta faɗaɗa, haka kuwa ya faru. Wato mutum ne mai kishin ƙasarsa. Sai Allah ya aike shi Nineba, babban birnin Assuriyawa, tafiyar wajen mil 500 ta gabas. Kufan birnin yana nan har yau a bakin kogin Tigris, a garin Mosul na ƙasar Iraƙi. Assuriyawa fa ba mutanen wasa ba ne. Su da kansu suka sassaƙa hotunan yaƙinsu a kan duwatsu, ana ganin yadda suke tsire kamammu a kan itace, suna feɗe waɗansu da rai. Ana ajiye da irin duwatsun nan a gidan kayan tarihi na Landan. Su ne kuma daga baya suka ci Samariya, wajen shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu, suka kwashe mutanen Yunusa zuwa bauta.

To, aka ce masa gabas, ya gangara Yafa ya shiga jirgi mai zuwa yamma. Da yawa sukan ce tsoro ya ji. Ni ban yarda ba, gama mutumin da ya ce wa matuƙan jirgi su jefa shi cikin teku ba matsoraci ba ne. Shi da bakinsa ya faɗi dalilinsa a sura ta 4: ya gudu ne domin ya san halin Allah. Ya sani Allah mai alheri ne, mai jinƙai, ba ya saurin fushi, ƙaunarsa tana da yawa, in mutum ya tuba yakan fasa hukunci. Yana tsoron kada wa'azinsa ya yi amfani!

Kalmomin nan ba Yunusa ya ƙaga su ba. Haddarsu ya yi. Allah ne ya fara bayyana kansa da su ga Musa a kan Dutsen Sinai, cikin Fitowa sura 34, kuma ku lura da lokacin: bayan da jama'a suka yi ɗan maraƙi na zinariya suka yi masa sujada. Ba domin wannan hali na Allah ba, da Isra'ila ta ƙare tun a jeji, da ba a ma haifi Yunusa ba. Musa ya sāke kama kalmomin ya yi roƙo da su a Littafin Ƙidaya sura 14. Suna cikin Zabura ta 86, ta 103 da ta 145, suna cikin Yowel da Nehemiya. Kowa ya ɗauke su domin ya yi yabo ko ya nemi gafara. Yunusa kaɗai ya ɗauke su ya kai ƙarar Allah.

Abu guda zai ba ku dariya. A harshen Ibraniyanci, inda aka ce Allah ba ya saurin fushi, abin da kalmar take cewa shi ne mai dogon hanci. Mu a wurinmu dogon hanci kyau ne na amarya. Su kuwa sun lura mai fushi hancinsa yakan yi zafi yana huci, saboda haka mai dogon hanci shi ne wanda zafin yakan daɗe kafin ya fito. Yunusa kam nasa gajere ne ƙwarai.

Dubi fa yadda haƙurin nan ya yi masa daɗi sa'ad da shi ne mai bukata. Daga cikin kifi ya yi addu'a mai kyau, ya gode. Aka ba shi zarafi na biyu, bai ce bai cancanta ba. Ya shiga Nineba ya yi wa'azin da bai wuce kalmomi 5 ba a harshensu, ya ba su kwana 40. Da sarki da talakawa suka tuba, sai ransa ya ɓaci har ya roƙi mutuwa. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Jinƙan da ya fitar da shi daga teku, shi ne ya zama masa abin ƙi da ya sauka a gidan maƙiyi.

A nan maganar ta zo gidajenmu. Yana yiwuwa mutum ya yi shekara 30 cikin ikkilisiya, ya haddace ayoyi, ya iya jera halayen Allah kamar ɗan makarantar Littafi Mai Tsarki, amma akwai sunan da ba ya so ya ji an sa cikin addu'a. Wani ƙanen ubansa ne da ya cinye gonar gado. Wata kuwa matar da ta ɓata mata suna ce a zumuntar mata. Akwai kuma waɗanda abinsu ya fi haka nauyi nesa, waɗanda aka ƙone musu gida, aka kashe musu ɗa. Ba zan yi musu maganar da sauƙin baki ba. Littafin ma bai ce muguntar Nineba ƙarama ce ba. Tun aya ta 2 aka ce ta kai gaban Allah. Fitowa 34 ta ci gaba da cewa Allah ba ya ƙyale mai laifi, kuma annabi Nahum ya kama wannan gefen a kan birnin nan guda. Da zuriyarsu suka koma ga mugunta, Nineba ta faɗi a shekara ta 612 kafin haihuwar Almasihu. Neman hakki a gaban alƙali ba zunubi ba ne. Abin tambaya shi ne, in labari ya zo maka yau cewa mutumin nan ya tuba da gaske, Allah kuma ya karɓe shi, za ka yi murna, ko za ka fita bayan gari ka kafa rumfa?

Gama abin da Yunusa ya yi ke nan. Ya zauna gabas da birnin yana jira ko wuta za ta sauko. Allah bai tsauta masa ba. Ya tsirar masa da wani tsiro, masana da yawa suna ganin zurma ce, mai faɗin ganye da saurin girma. Yunusa ya yi murna ƙwarai, kuma a duk littafin nan ne kaɗai aka ce ya yi murna. Kashegari tsutsa ta cinye tsiron, iskar gabas mai zafi ta taso, ya sāke neman mutuwa. Sai Allah ya gwada masa abu biyu: tsiron da bai shuka ba, bai yi masa ban ruwa ba, da birni mai mutum fiye da 120,000 waɗanda ba su san dama da hagu ba, har da dabbobinsu. Da tambaya littafin ya ƙare. Ba a gaya mana amsar Yunusa ba.

Iyaye, ku ma ku kula. Yaro yakan fara sanin halin Allah daga bakin uwa da uba. In kullum abin da yake ji shi ne Allah zai ƙone ka, ga bulala tana biye, kada ku yi mamaki in ya girma yana ɓuya daga Allah sa'ad da ya faɗi, yana kuma jira a ƙone waɗansu.

Littafin Yunusa sura 4 ne, aya 48 duka. Ku raba shi dare huɗu a lokacin addu'ar iyali. A dare na huɗu ku haɗa da Luka sura 15, ku tambayi yara wane ne cikin 'ya'yan nan biyu ya yi kama da Yunusa. Wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba Nahum.