Lambar Wayar Kanti, Da Sunan Wa Take?

Maganarmu ta yau a kan lambar waya ce, wadda ɗan kasuwa kan rubuta a ƙofar rumfarsa da jikin buhunansa. Jama'a da yawa suna ɗaukarta abin banza, alhali kuwa rabin dukiyar waɗansu a kanta take rataye.

A zamanin kakanninmu, falken da ya tafi Gwanja sayen goro ba a jin labarinsa sai ayari ya komo, ko ya sami mai kawo wasiƙa. Har zuwa shekarar 2000 layukan waya a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba, galibinsu kuwa a ofisoshi da gidajen manya suke. A watan Agusta na 2001 kamfanonin MTN da Econet suka fara aikin wayar hannu, Glo ya biyo baya a 2003. Tun daga nan mai hatsi a Dawanau yana daga zaune zai ƙulla ciniki da mutumin Maraɗi ko na Ikko.

To, abin da ya kamata a lura da shi, layin waya yanzu yana da mai shi a idon hukuma. A 2011 aka soma rajistar layuka da hoto da zanen yatsa. A Disamba 2020 Gwamnati ta umarta a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, kuma a Afrilu 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. Sa'an nan a farkon 2023, da canjin kuɗi ya sa takardun naira suka yi wuya, har mai shayi da mai kayan miya suka koma karɓar kuɗi ta waya. Kamfanoni irin su OPay da PalmPay kuwa lambar wayar mutum ce lambar asusunsa, sifirin farko kaɗai ake cirewa. Ashe lamba ɗaya ta zama ƙofar kanti, ta kuma zama makullin akwatin kuɗi.

Ga inda ɓarna take shigowa. Maigida yana ƙyashin bin layi a ofishin waya, sai ya aiki yaron kantinsa ya sayo layi, yaro ya yi rajista da sunansa da yatsansa. Shekara biyar abokan ciniki suna kiran wannan lamba. Ran da aka sami saɓani, ko yaro ya kai munzalin buɗe tasa rumfa, sai ya tafi da layinsa, masu saye su bi shi ba su ma sani ba. In maigida ya kai ƙara ofishin kamfani, ba su san shi ba, gama wanda ke cikin rajista shi ne mai layi.

Na biyu, layin da aka bari watanni masu yawa ba kira ba sa kati, kamfani yana da ikon rufe shi ya sayar wa wani. In asusun banki yana haɗe da shi, saƙonnin kuɗin tsohon mai layi sai su riƙa faɗawa hannun baƙo, masu biyan bashi kuma su aika kuɗi inda bai kamata ba.

Na uku ya shafi malamai musamman, domin su ake kira rabon gado. Attajiri ya rasu, an ƙidaya kaya da gidaje da basussuka, amma ba wanda ya tuna da layinsa, alhali ta nan ne masu bashi da dillalai suka san shi. Haka kuma malamin tsangaya wanda iyayen almajirai ke aiko wa kuɗi ta lambar wani gardi: ran da gardin ya yi ƙaura, amanar mutane ta bi shi.

Saboda haka shawararmu ita ce mai kanti ya ware wa kasuwancinsa layi dabam da na iyali, ya je da ƙafarsa ya yi rajista da NIN nasa, sa'an nan ya ba yaro wayar ya riƙe aro. Wanda ya yi wa sana'arsa rajista a hukumar CAC yana iya neman a rubuta layin da sunan kamfaninsa, wannan ya fi dacewa ga masu tarayya. Kada ya faɗa wa kowa lambar sirri da ake aiko masa, ko da mai kira ya ce daga banki yake. In kuwa sabis ɗin kamfaninsa ya gaza, ba sai ya yar da lambar da aka san shi da ita ba, domin tun Afrilu 2013 an yarda mutum ya ƙaura zuwa wani kamfani da lambarsa.

Wani zai ce riƙon layi biyu nauyi ne, balle da Hukumar Sadarwa, NCC, ta yarda da ƙarin kuɗin kira har kashi 50 cikin 100 a Janairu 2025. Gaskiya ne, amma kuɗin katin shekara bai kai asarar abokin ciniki ɗaya mai ɗaukar mota guda ta masara ba.

Har wa yau kada a dogara ga waya ita kaɗai. A Satumba 2021 an rufe sabis na dukan kamfanoni a Jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, da waɗansu sassa na Katsina da Sakkwato, aka yi makonni ba kira ba saƙo. Wanda ya rubuta basussukansa da sunayen abokan cinikinsa a littafi, ko da ajami ko da boko, shi ya san inda ya dosa. Sai kowa ya duba yau ya ga da sunan wa layin kantinsa yake, in da gyara ya gyara tun ana shiri da juna.