Takalmin soja ma sirri ne?

A 1964 aka kafa DICON a Kaduna don Najeriya ta riƙa ƙera makamanta. Brazil ta kafa Embraer a 1969. A 2021 jiragen yaƙi Super Tucano 12, ƙirar Embraer, muka karɓa ta hannun Amurka, ita dai Amurkar da ta hana a sayar mana da jirage masu saukar ungulu a 2014, Boko Haram na cin garuruwa.

Masana'anta ba ta tsayuwa sai da masu kawo mata kaya. Bindiga na son ƙarfe, Ajaokuta kuwa har yau ba a kammala ta ba. Takalmin soja na son fata. Kowace Alhamis dabbobi na cika kasuwar Maigatari, amma wane majemi a Gumel ko Gagarawa ya san ƙofar da ake bi a nemi wannan kwangila?

Dokar DICON ta 2023 ta ba 'yan kasuwa damar shiga. Madalla. Sai dai muddin ana lulluɓe kowace sayayya da sunan sirrin tsaro, dillalai ne za su ci. A ƙarƙashin wannan mayafi badaƙalar dala biliyan 2.1 ta ɓuya har 2015.

A ɓoye abin da ya shafi dabarun yaƙi, mun yarda. Amma takalmi, kaki, tanti da abinci, a wallafa farashinsu da sunan wanda ya samu kwangila. A ba masu ƙera na gida yarjejeniyar shekaru, a biya su kan lokaci. Sojan da ke daji ba zai jira jirgin ruwa ya iso Legas ba.