Mai Wurno bai jira a mayar masa da gadon Sakkwato ba

A shekarar 2023 Georg Friedrich, magajin gidan sarautar Jamus da aka tuɓe tun 1918, ya janye ƙarar da ya yi shekaru yana yi kan diyyar dukiyar kakanninsa. Jaridun Turai sun yi ta yayata labarin. Mu kuwa muna da namu ɗan sarkin a nan Sudan, amma yawancin yaran da nake koyarwa a Dar Salam ko sunansa ba su sani ba.

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya ɗauki hanyar gabas, suka cim masa a Burmi, ya yi shahada ranar 27 ga Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya tattara waɗanda suka tsira, ya ci gaba da su har bakin kogin Nilu Shuɗi, kusa da Sinnar. Abin takaici, ya tarar da Turawan da ya baro su ne dai ke mulki a nan ma. To, bai zauna kukan gadon da ya kuɓuce ba. Ya nemi ƙasa, aka sare daji, aka yi gonaki, garin Mayurno ya tsaya da sunansa. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, mutanenmu na cikin waɗanda suka riƙe noman audugar Jazira.

Duk da haka, yau fiye da shekara ɗari, ana ce mana baƙi. A Yulin 2022 maganar ba Hausawa sarautar gargajiya a jihar Nilu Shuɗi ta rikiɗe ta zama faɗa, aka kashe mutum sama da ɗari, dubbai suka bar gidajensu.

Ni a ganina, dattawanmu sun ɗora kuka a kan rawani fiye da kima. Ai rawani ba ya hana a kore ka daga gonar da ba ka da takardarta. Abin da ya kamata ƙungiyoyinmu su sa gaba, musamman bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya watsa mutane, shi ne rajistar gonaki, da lambar ɗan ƙasa ga kowane yaro, da rubuta tarihin zuwan Mai Wurno da Larabci da Hausa tun tsofaffin da suka ji shi daga bakin iyayensu suna raye.