Tsohuwar A-kori-kura: Saye Ba Shi Ne Ƙarshen Kashe Kuɗi Ba

Masu iya magana na cewa araha ba ta ado. Wannan magana ita ke faɗo mini a rai duk lokacin da na ga manomi ko ɗan kasuwa ya tattara abin da ya daɗe yana tarawa, ya sayo a-kori-kura mai amfani da man gas wadda ta riga ta ci ƙasa, washegari kuma ya labta mata buhunan masara ya nufi kasuwar ƙauye. A ra'ayina, wanda bai ware kuɗin gyaran farko ba, bai gama sayen mota ba tukuna.

Mu ɗauki Hilux, wadda kamfanin Toyota ya fara ƙerawa a 1968, kuma ta yi suna wajen juriya. Wannan sunan ne ke yaudarar mutane su ɗauka ba ta buƙatar kulawa. Amma injinanta samfurin 1KD da 2KD suna aiki ne da bel mai haƙora wanda ke daidaita buɗewa da rufewar bawul, kuma ƙa'idar kamfanin ita ce a canza shi duk bayan kilomita 150,000. Idan ya tsinke mota na tafiya, fistin na iya dukan bawul, gyaran da ba a yi da kuɗi kaɗan ba ya koma na sauke inji. Mai saye ba shi da tabbacin ranar da aka canza shi, kuma lambobin da ke kan mita ba shaida ba ne, domin an san ana mayar da su baya. Abin da hankali zai ɗauka shi ne a canza shi tun kafin motar ta fara aiki.

Haka nan baƙin mai da matatarsa, da man giya, da man birki, da ruwan lagireto. A zubar da su duka, a zuba sababbi, a rubuta ranar da kilomitar a littafi. A yanayi irin namu na zafi da ƙura, canza baƙin mai duk bayan kilomita 5,000 ba almubazzaranci ba ne, kuma matatar iska na buƙatar dubawa akai-akai lokacin hunturu.

Babban abokin gaban wannan inji shi ne gurɓataccen mai. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoto cewa man gas da ake sayarwa a wasu ƙasashen Afirka na ɗauke da sinadarin farar wuta da ya ninka abin da Turai ta yarda da shi sau ɗaruruwa. Ga kuma masu gauraya shi da kananzir, wanda ba shi da santsin da famfon mai da nozul ke buƙata. Saboda haka sayen mai a jarka a bakin hanya ganganci ne. A ƙarƙashin matatar man gas akwai wurin da ruwa ke taruwa. A riƙa tsiyaye shi, kada a jira sai fitila ta kama.

Wani zai ce ai injin gas ba ya mutuwa, ga motar wane shekara ashirin tana aiki. Gaskiya ne, amma a tambayi mai ita sau nawa yake kai ta gareji. Mota kan faɗi ciwonta ta salansa: baƙin hayaƙi alamar mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, shuɗi alamar inji na shan baƙin mai, fari mai kauri bayan inji ya yi zafi kuwa na iya nufin ruwa na shiga inda bai kamata ba.

Kirana ga mai niyyar saye shi ne ya tafi da makaniken da ya san injin gas, ya kuma rage wani abu a aljihu domin gyaran farko. Direbobi su daina lodin da ya wuce kima, su duba birki da tayoyi, domin bayan dukiya akwai rayukan fasinja a kan hanya. Riga-kafi dai ya fi magani.