ZAMAN IYALI: Ranar da Muka Kai Yara Cikin Birnin Haɗejiya

  A wannan wata zan ba ku labarin wata 'yar tafiya da muka yi, domin ta koya mini abin da ban yi tsammani ba.

Da hutun Kirsimeti na kwashi iyali muka tafi ganin gida a ƙasar Auyo. Yaranmu huɗu ne, dukansu a Sabon Garin Kano aka haife su. Ran kwana na uku da dare na ce musu gobe za mu shiga Haɗejiya, mu ga ganuwa da ƙofar fada. Sai babban ɗana, mai shekara 12, ya ce, "Baba, ai cikin gari ba wurinmu ba ne. Na Musulmi ne."

Maganar ta soke ni. Ban ga laifin yaron ba, gama abin da ya ji a bakinmu ne. Mu ne muke ce musu kada su bi nan, kada su bi can. Muna da dalili kuwa, wanda ya zauna Kano ya san an ga kwanakin tashin hankali. Amma ga yaro Bahaushe, kakanninsa sun sha ruwan kogin nan, yana ganin tsohon birnin ƙasarsu kamar gidan wani. Uwargida ta dube ni, na dube ta. Muka yi addu'a, muka ce da safe za mu tafi.

Tun a daren na fara ba su labarin Auyo, domin a nan muke. Auyo tsohon gari ne ƙwarai. Kafin jihadi yana da sarkinsa na kansa, yana cikin ƙananan ƙasashe bakwai na wannan yanki, tare da Haɗejiya da Garun Gabas da sauransu, waɗanda suke kai gaisuwa Barno. Garun Gabas kuwa shi ne Biram, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai da suke karantawa a makaranta. Mutanen Auyo na dā suna da harshensu, Auyakanci, ɗan'uwan harshen Badawa da na Ngizim. Yau ba sauran mai jinsa. Autarmu ta ce, "Baba, ina ya tafi?" Na ce ba inda ya tafi, iyaye ne suka bar yi wa 'ya'yansu magana da shi, tsofaffi suka mutu da shi a baki.

Gari ya waye muka shiga mota. Tsakanin Auyo da Haɗejiya ba nisa, amma akwai abin kallo. Ga fadama shimfiɗe, ga masu noman rani suna ban ruwa, ga masunta da komarsu. Na nuna wa yara cewa ruwan nan ba baƙonsu ba ne. Kogin Kano da kogin Challawa su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya, shi kuma ya gangara gabas ya gamu da na Jama'are, su nufi Tafkin Chadi. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 tafiyar ruwan ta sāke, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyinsa da yawa. A 2020 da 2022 ambaliya ta ci gonaki da gidaje a ƙasar Auyo da kewaye. Ruwan bai tambayi kowa addininsa ba, mutane kuma suka taimaki juna.

Da muka isa sai muka bar mota, muka shiga da ƙafa. Tsohon birni ba a ganinsa ta tagar mota. Ganuwar ta zaizaye, wani wuri sai tudun ƙasa kawai, wani wuri gidaje sun hau kanta. Na sa yara suka tsaya suka duba kaurinta, na ce su tuna ba injin a lokacin, da kwando da hannu aka tara ƙasar nan. Muka bi lungu, muna raɓewa babura suna wucewa. Ga zauruka, ga almajirai da allunansu, ga mai ƙosai a bakin hanya. Na lura yaran sun manne mini, ba mai cewa uffan.

A ƙofar wani zaure muka tarar da wani dattijo a kan tabarma. Na yi sallama, na durƙusa, yara ma suka durƙusa suka gaishe shi. Na miƙa masa goro. Ya tambayi inda muka fito, na faɗa masa. Na faɗa masa kuma mu Kirista ne, na kawo yara su ga garin kakanni. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "Madalla. Ku zauna, ɗana." Ya aika aka kawo ruwa, aka ƙara tabarma. Uwargida da 'yan matan aka ce su shiga ciki su gaisa da mutanen gida.

Dattijon nan ya san garinsa. Ya ba yara labarin da ake bayarwa na maharbi Haɗe da matarsa Jiya, waɗanda aka ce daga sunansu garin ya sami suna. Ya faɗi yadda Fulani suka karɓi mulki a zamanin jihadin Shehu Usmanu, Sambo ya zama sarki wajen 1808. Ya faɗi labarin Buhari ɗan Sambo, wanda ya ƙi bin Sakkwato, ya buwayi maƙwabta da yaƙi, har ya mutu a 1863 wajen yaƙin Gogaram a ƙasar Bade. Bai ɓoye musu ba, ya ce zamanin hari ne da kamun bayi, talaka bai yi barci da daɗi ba.

Daga nan ya zo kan zuwan Turawa. Sun ci Kano a 1903, amma Haɗejiya ba ta sallama ba sai bayan shekara 3. A watan Afrilu na 1906 rundunar Turawa ta zo da bindigogi masu ruwa da igwa. Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya. Aka yi faɗa a cikin gari, lungu lungu, har aka kashe shi tare da waɗansu 'ya'yansa da jarumansa masu yawa. Shi ya sa har yau ake kiransa Mai Shahada. Dattijon ya nuna hanyar fada da sandarsa, ya ce, "Ta nan aka yi."

Sai ɗana ya juyo, a gaban dattijon nan, ya ce, "Baba, Turawan da suka kashe sarkin, Kirista ne?"

Jama'a, na ji zufa ko da yake hunturu ne. Da sauƙi in ce masa ya yi shiru. Da sauƙi kuma in ce a'a, ba ruwanmu da su. Amma yaro yana gane lokacin da ubansa yake kewaye-kewaye. Na ce masa, "Shugabannin rundunar daga Ingila suka fito, ƙasar da ake kira ta Kirista, waɗansunsu ma an yi musu baftisma. Sojojin da suke bayansu yawancinsu baƙaƙen fata ne, har da Hausawa. Mulki suka zo nema, ba bishara suka kawo ba. Gwamnatinsu ma ta daɗe tana hana 'yan mishan shiga ƙasashen sarakuna. Amma ba zan ce maka hannunsu tsarkakakke ne ba. Yesu bai aiki kowa ya ci gari da bindiga ba. Da Bitrus ya zare takobi domin ya kāre shi, sai ya hana shi. Mutum yana iya ɗaukar sunan Kristi ya yi abin da Kristi bai sa shi ba."

Dattijon ya gyaɗa kai. Ya ce wa yaron, "Ka ji abin da ubanka ya faɗa. Mu ma a namu akwai waɗanda suka yi abin da ba a sa su ba." Ya ƙara da cewa akwai kabarin wani Bature a garin, Kyaftin Phillips, wanda mutane suka laƙaba wa Mai Tumbi. Da sarki da Bature, ƙasar gari ɗaya ta rufe su.

Muka yi sallama, muka je muka tsaya daga nesa muka dubi ƙofar fada, muka bi ta kasuwa muka sayi busasshen kifi, wanda Haɗejiya ta yi suna da shi. A hanyar komawa yara ba su bar ni na huta da tambaya ba.

To, ga shawara ga wanda yake so ya kai nasa, ko Haɗejiya ne, ko Kano, ko Katsina, ko Zariya.

Na ɗaya, ku zaɓi lokaci. Ku tafi da sanyin safiya, bayan damina ta wuce. Kada ku tafi ran Jumma'a da azahar, ko lokacin da gari ba lafiya. Ku fara tambayar fasto ko wani ɗan'uwa da yake zaune a wurin. Bangaskiya ba ta hana lura.

Na biyu, ku yi shiga ta mutunci. Mata su yafa gyale, yara su sa tufafi masu rufe jiki.

Na uku, ku koya wa yara gaisuwa tun a gida: sallama, durƙusawa, karɓar abu da hannun dama. Kada namiji ya wuce zaure sai an ce ya shiga. Kada a ɗauki hoton mutum ko na fada ko na masallaci sai da izini.

Na huɗu, kada ku ɓoye ko ku su wane ne, kada kuma ku je da gardamar addini. Baƙi ne ku, kun je koyo.

Na biyar, ku riƙe hannun ƙanana saboda babura, ku tafi da ruwan sha, ku hana su matsawa bakin kogi. Yaron birni bai san ruwa ba.

Na shida, in yaro ya yi tambaya mai nauyi, ku ba shi gaskiya gwargwadon shekarunsa. In ba ku ba shi ba, wani zai ba shi wata amsa a waje, mai yiwuwa da ƙiyayya a ciki.

Ku karanta Littafin Joshuwa sura 4 tare da iyalinku. Bayan Isra'ilawa sun haye Urdun, Ubangiji ya sa aka ɗebo duwatsu 12 daga cikin kogin aka kafa su, domin wata rana 'ya'ya su gani su yi tambaya, iyaye kuwa su ba da amsa. Tsofaffin ganuwoyinmu suna zaizayewa kowace damina, dattawan da suka san labarinsu kuma suna ƙarewa. Wanda zai kai 'ya'yansa, gara ya kai su tun yanzu.

Da muka koma Kano na ji ɗana yana gaya wa abokinsa a ƙofar majami'a, "Mun je garinmu." Ban ce masa kome ba, na dai gode wa Allah a zuciyata.

Ubangiji ya ba mu hikima wajen renon 'ya'yanmu, ya sa su ƙaunaci Mai Cetonsu, su ƙaunaci maƙwabtansu kuma. Amin. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.