Kawu, Idan Za Mu Riƙe Timoti Mu Riƙe Shi Duka

Mu nan Ingila sai godiya, in ban da sanyi da karatun da ya ƙi ƙarewa.

Yau ba labarin makaranta zan ba ku ba. Ranar Lahadi da dare Kawu ya kira ni ransa a ɓace, wai ya ji cocin da nake zuwa a nan mace ce firist, kuma daga hannunta nake karɓar Jibin Ubangiji. Na ce haka ne. Ya ce in daina, in ba haka ba kowa zai san boko ya cinye ni. A waya ban ce uffan ba, domin ba a koya mana musu da manya ba. Amma barci ya gagare ni, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Kawu, ka yi mini aikin gafara, na san za a karanta maka.

Ga asalin maganar. Cocin Ingila ya amince da keɓe mata su zama firistoci a 1992, aka keɓe na farko su 32 a Bristol a 1994. A 2015 Libby Lane ta zama bishop mace ta farko, sannan a Oktoban 2025 aka sanar da Sarah Mullally a matsayin Akbishop ta Kantabari. Cocinmu na Angilikan a Nijeriya ya ce bai yarda ba. Hujjar da kowa yake jefo mini kuwa ita ce 1 Timoti 2:12, inda Manzo Bulus ya hana mace koyarwa ko nuna iko a kan namiji.

To madalla, mu buɗe surar. Ku koma aya ta 9, wato ayoyi uku kacal kafin wannan. A nan Bulus ɗin nan ya hana mata ado da kitso da zinariya da tufafi masu tsada. Don Allah wace Lahadi ce aka taɓa tsayar da matar bishop a bakin ƙofa saboda kitso ko sarƙar gwal? Idan ka tambaya sai a ce ai wannan al'adar mutanen Afisa ce ta wancan zamani. Na yarda. Amma wa ya raba surar biyu, ya ce aya ta 9 al'ada ce, ta 12 kuma doka ce har abada? Ba Bulus ba ne, mu ne. Kuma kalmar Helenanci da aka fassara da nuna iko a wannan aya sau ɗaya tak ta zo a duk Sabon Alkawari, har yau masana suna gardama a kan ma'anarta. A kanta za mu rufe wa rabin ikilisiya ƙofa?

Bulus ɗin dai shi ne a Romawa 16 ya yabi Fibi, ma'aikaciyar ikilisiyar Kankiriya, ya kuma ambaci Yuniya tare da manzanni. Yohanna Kirisostom, wanda Helenanci harshen uwarsa ne, mace ya ɗauke ta, daga baya ne masu fassara suka mai da sunan na namiji. A 1 Korantiyawa 11 ya tsara yadda mace za ta yi addu'a da annabci, bai ce ta yi shiru ba. Debora ta shugabanci Isra'ila. Maryamu Magadaliya ce ta fara kai wa almajirai labarin tashin Almasihu.

Za a ce Yesu maza goma sha biyu ya zaɓa, kuma da wannan Fafaroma John Paul na Biyu ya kafa hujja a 1994. Gaskiya ne maza ne. Amma dukkansu Yahudawa ne kuma, babu baƙar fata ko ɗaya. Lokacin da za a naɗa Samuel Ajayi Crowther bishop a 1864, akwai Turawan mishan irin su Henry Townsend da suka ƙi zama a ƙarƙashin ɗan Afirka. Su ma gani suke ikilisiya suke karewa.

Kada kuma a ce abin Turawa ne. Mace ta farko da aka keɓe firist a Angilikan Basiniya ce, Florence Li Tim-Oi, a 1944, ana tsakar yaƙi. Swaziland ta yi bishop mace, Ellinah Wamukoya, a 2012, kafin Ingila. Kenya ma ta yi a 2021. Ba na cewa duk abin da Ingila ta yi daidai ne, akwai abubuwan da nake ƙi a nan ƙiri-ƙiri. Amma kowace magana a auna ta da mudunta.

Kawu, ka tuna shekarun da ƙauyenmu ba fasto. Wa yake buɗe majami'a? Mama ce da 'yan Zumuntar Mata. Su suke karatu, su yi bayani, su duba marasa lafiya, su tara kuɗin kwanon rufi. Kai da kanka ka zauna ka saurari ƙanwarka, ka ce amin. Babu wanda ya tuna da Timoti a lokacin, sai da aka zo maganar riga da kujera. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Saboda haka ranar Lahadi zan je coci, kuma zan miƙa hannu. Teburin na Ubangiji ne, ba na mai rabawa ba. Idan na yi kuskure ku nuna mini da Littafi, sura da aya, amma a karanta surar duka. Kawu, ina nan ɗanka, idan na dawo gida gabanka zan fara durƙusawa.

A gaishe da Mama da kowa da kowa. Sai wasiƙa ta gaba.

Naku a kullum.